Fedar otomatik za ta yi aiki da bwat manuwel? Ku taimaka mini da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da Corolla ƙirar 1998, injin 4A-FE, otomatik ce, da ita nike ɗaukar fasinja Maradi zuwa Tasawa. Bwat ɗinta, wato akwatin giya, ta gaji, in ta yi zahi sai inji ya yi ta ƙara mota ba ta ja, ranar nan daf da Gazawa na sauke mutane tsakar rana wallahi kunya ta kama ni, akwai wata tsohuwa da jikanta a ciki. Na samu bwat manuwel ta irin motar amma ba feda a kayan. Makaniken da na kai wa ya ce ba komi, zai yanke fedar birkin nan mai faɗi ya rage ta, ya samo wani ƙarfe ya yi walda a gefe ya zama fedar ambirayaj, wadda ake takawa in za a canza giya. Raina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa wanga aiki don Allah ya gaya mini gaskiya, da motar nan nike ci da iyali.

Wani tsohon makanike: Wa alaikumus salam. Ƙanena rashin kwanciyar ranka yana kan hanya. Rage faɗin inda ake taka birki abu ne da ake yi, a yanke gefen hagu a sa robar manuwel, shi ke nan. Amma hannun fedar birki, ƙarfen nan da ke tura masta, wato famfon da ke tura man birki, kada ka bari wuta ta taɓa shi ko a liƙa mai wani abu. Ranar da jaki ko ɗan kabu-kabu zai faɗo maka a hanya duk nauyinka za ka saukar a kansa, walda ko a lokacin take tsinkewa.

Kuma Corolla ba ta ma buƙatar wannan dabara. Fedar ambirayaj ɗinta da mazauninta take zuwa daban, ɗaura ta ake yi da noti a hagun ta birki. Ka ɗaga kafet da soson da ke ƙarƙashin sitiyari ka haska da fitilar waya, bangon ƙarfen da ya raba ƙafarka da inji galibi za ka ga shatar wurin, babban rami ɗaya a tsakiya da ƙanana biyu na noti. Nan ake hudawa a ɗaura mastar ambirayaj. Masta in ta karkace ko kaɗan sandar da ke tura ta za ta riƙa cin roba, wata biyu ka ga mai yana ɗiga bisa takalminka.

Wani direba: Ni an yi mini na walda a tsohuwar motata, ba na birki ba, na ambirayaj ne, mazaunin ne aka ƙera da falange marar kauri. Kullum in na taka sai in ji wurin yana lanƙwasa, giya ta ɗaya da ribas ba su shiga sai da ƙara kurrr, daga baya bangon ya tsage. Kuɗin da na yi gudun kashewa sai da na kashe ninkinsa.

Mai tambaya: To Baba in na samu fedar shi ke nan ko da saura?

Tsohon makanike: Da saura mai yawa, gara ka sani tun yanzu kada a tsaida maka mota sati uku a garaji. Ambirayaj ɗin motarka na mai ne ba na waya ba, kenan kana son masta ta sama, ta ƙasa da ke jikin bwat, da bututun da ya haɗa su, man birki DOT 3 ake zuba musu a fidda iska. Farantin da ke bayan injin otomatik siriri ne, sai an cire shi an sa fulawil, wato faranti mai nauyi na manuwel, da notocinsa, na otomatik gajeru ne ba su kamawa yadda ya kamata. Sai dis da pilato, wato farantan ambirayaj ɗin, sandar giya da wayoyinta biyu, kujerun bwat, ka kuma gwada kardan, sandunan da ke juya tayoyin gaba, tukuna. Bayan an ɗaura a bar wa feda ɗan wasa, kamar milimita 5 zuwa 15 kafin ta fara tauri, in babu wasan dis zai riƙa zamewa ya ƙone.

Mai gyaran lantarkin mota: Ku bar ni in sa baki ta ɓangarenmu don nan ake yawan mantawa. Otomatik ba ta tashi sai tana P ko N, makunnin yana jikin bwat ɗin da za ka cire, to in an gama aiki ka murza makulli shiru. Wasu haɗe wayoyin biyu kawai suke yi. Ni na fi son a kai su ga ɗan makunnin da ke bayan fedar ambirayaj, mota ba ta tashi sai ka taka, saboda yara na wasa cikin mota a ƙofar gida kuma an bar ta a giya. Fitilar ribas ma daga wancan makunni take, sai a maida ta ga na sabuwar bwat. In motarka irin wadda makulli ba ya fita ce sai tana P, a warware wannan shi ma.

Wani ɗan kasuwa: Ka fara zagawa wurin masu warware tsofaffin motoci nan garin, in babu akwai masu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, can kuloci suke ce wa ambirayaj, haka za ka ce musu su gane. Ka tabbata daga mota mai sitiyarin hagu aka ciro irin namu, na hannun dama ba zai zauna ba. Kuma ka sayi duka daga mota ɗaya in da hali.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Yanzu na ɗaga kafet ɗin, shatar na nan kamar yadda Baba ya ce. Na kira makaniken na ce ya dakata da walda, gobe da sahe zan koma wurin wanda ya saida mini bwat in ji ko gangar motar da ya ciro ta tana nan da fedodinta.