Waɗanda suka buga Spider-Man 2, ku zo ku faɗa mana gaskiya

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Kuɗin faifai ɗaya tak na tara, kuma tun watan jiya gem ɗin Marvel's Spider-Man 2 na PS5 ke yi mini yawo a rai. Na farkon, na 2018, sau biyu na gama shi a PS4, na buga Miles Morales ma. Tsorona kada in kwashe kuɗina in tarar tuwon jiya aka ɗumama. Wanda ya riƙe hannu ya buga da kansa nake son ji, ba ɗan kallon YouTube ba. Mai niyyar tona labari kuma ya fara yin gargaɗi, don Allah.

Gwanin Lilo: Wa alaikumus salam. A satin da ya fito na saya, Oktoban 2023, lokacin ana sayar da shi dala 70, kuma har yau ban yi da na sani ba. Tuwon jiya ne, ban musa maka ba, amma miyar sabuwa ce. Birnin New York ɗin da ka sani yana nan, sai dai Insomniac, masu yin gem ɗin, sun tsallaka kogi sun ƙara Brooklyn da Queens, taswirar ta kusa ninkawa. A Queens gidaje gajeru ne, babu dogayen benen da za ka maƙala zare, shi ya sa suka ba ka fukafukan yana a ƙarƙashin hammata. Ka yi lilo ka cilla sama, ka buɗe fukafukan, ka faɗa cikin wani zoben iska da zai kwashe ka kamar an harba gwafa. Daren farko na yi wajen awa biyu ban taɓa aikin labari ko ɗaya ba, ina ta zarya tsakanin gadar Brooklyn da Coney Island, har maiɗakina ta leƙo ta ce wai ni ba a faɗa ne a wannan gem ɗin?

Shawara ɗaya: shiga saiti ka rage taimakon lilo, ka kunna jin ciwon faɗuwa. Sai ka ga ashe da can gem ɗin ne ke riƙe da kai. Na sha ƙasa ya fi sau goma kafin hannuna ya faɗa.

Mai Shagon Gem: Ni ta fuskar kasuwa zan yi magana, ƙanena. A shagona ƙwallo ce ke kawo kuɗi, wannan kowa ya sani. Amma ran da na saka wannan faifan, faɗan farko da Sandman, mutumin yashin nan da ya yi tsawon bene, yara suka watsar da ƙwallo suka taru a bayan mai bugawa. Wani ɗan ƙaramin cikinsu sai ihu yake, "Gizo, gudu! Gizo, gudu!" Tun daga ranar sunan faifan ya koma Gizo a shagon.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne babu jira. Ka nuna wuri a taswira, ka danne maɓalli, kafin ka ƙifta ido kana can. Haka sauyawa daga Peter zuwa Miles, Spider-Man biyun da kake bugawa da su. Wanda ya biya kuɗin rabin awa ga janareta na shan mai, ba ya son kallon allo yana loda. Amma ka tanadi wuri a na'urarka, yana cin kusan gigabait 100, ga sabuntawa da za ka sauke. Ni da tsakar dare na yi tawa saboda data.

Sarkin Ƙorafi: GARGAƊI, ZAN TONA LABARI. Ɗan Fagge tsallake ni idan ba ka so.

Ku bar ruɗar yaro da lilo. Kashi biyu cikin uku na labarin lafiya lau: Kraven ya shigo gari da mafarautansa, ciwon daji na cin sa, yana neman wanda zai kashe shi a fagen fama kafin cutar ta kwantar da shi. Wannan mugu ne mai dalili. Peter kuma ya saka baƙar rigar nan, halinsa ya fara canzawa, yana yi wa Miles da budurwarsa Mary Jane magana a tsaitsaye. Na ji daɗin wannan sosai, don ni ma da nake riƙe da hannun sai da na ji daɗin ƙarfin rigar, na ƙi son a cire ta.

Amma daga lokacin da baƙar rigar ta koma kan Harry Osborn, abokin Peter, ya zama dodon nan Venom sai labarin ya kama gudu kamar direban da ya ga hadari ya haɗo. An ba ka Venom ka buga, ka farfasa Oscorp, kamfanin uban Harry, ka gama da Kraven a Times Square, kana cewa yanzu aka fara, sai a karɓe shi. Ba ka ƙara taɓa shi ba. Garin ya cika da dodanni, 'yan ayyuka kaɗan, sai ga sunayen ma'aikata suna hawa allo. Ni cikin awa 17 na gama. Muryar da marigayi Tony Todd ya yi wa Venom ta cancanci fili fiye da haka. Ga labarin ƙungiyar masu bautar wuta da aka buɗe da Wraith, tsohuwar 'yar sandan nan da ke farautarsu, aka bar shi a rataye, kowa na jiran ƙarin labari irin wanda aka yi wa na 2018, daga baya kamfanin ya fito a 2024 ya ce ba su da shirin yin wani ƙari.

Gwanin Lilo: Malam, awa 17 saboda ka bi ta tsakiya ne kamar mai zuwa ɗaukar albashi. Ni sai da na kai wajen awa 30 kafin in share komai.

Sarkin Ƙorafi: Tsintar duwatsun Sandman da farautar 'yan gizo-gizon ƙarfe 42 ba labari ba ne, oga.

Anti Mai Hannu: Ni da ƙanena muke karɓa-karɓa, shi faɗa ni yawo. Abin da ya zauna mini a rai ba Venom ba ne. Akwai wani ƙaramin aiki na Howard, dattijon nan mai tantabaru da ka taya kamo tsuntsayensa a na farkon. Wannan karon roƙonka yake ka sama musu sabon gida, sai ka buɗe fukafukanka kana tashi tare da tantabarun a saman ruwa. Ba zan faɗi ƙarshensa ba. Na ajiye hannun na yi shiru, ƙanena yana ta tsokanata wai Anti kuka take a kan gem.

Sai na Hailey, yarinyar nan kurma mai zane a bango. Da ka karɓe ta sai sauti ya dushe, kamar an toshe maka kunne da auduga. Muna da ɗiyar maƙwabta kurma da ke shigowa gidanmu, ta zauna ta kalla, ta ga ana magana da hannu a allo, ta kama dariya tana nuna kanta. Alamun Amurka ne, ba irin nata ba, amma ta gane me ake yi.

Wuraren Mary Jane kuwa, waɗanda kowa ya tsana a na 2018, yanzu an ba ta bindigar lantarki, tana zubar da ƙartin Kraven ɗaya bayan ɗaya. Har abin ya so ya yi yawa, 'yar jarida ta fi Spider-Man saurin kayar da mutum.

Ɗan Zinder: Faɗan ne ya ba ni wahala da fari. Na saba da kaucewa kawai, yanzu an ƙara tare duka, kuma akwai harin da in ba ka tare ba sai ya same ka. Faɗan Lizard, ƙaton ƙadangaren nan, na maimaita har babban yatsana ya yi tsami. Wani dare ina dab da gama wani babban faɗa aka ɗauke wuta. Allah Ya so gem ɗin yana ajiye wuri a kai a kai, daga tsakiyar faɗan na ci gaba.

Injiniya: Ga marasa PS5, an fitar da shi a kwamfuta ranar 30 ga Janairu 2025. A tawa na buga, amma ka duba ƙarfin katin hotonka kafin ka saya, tawa sai da na rage inuwa da ƙyallin gilashi kafin ta daina huci. Kuma tun Maris 2024 an ƙara damar sake buga labarin daga farko da duk rigunanka da ƙarfinka, har da canza lokacin gari, dare ko rana. Zagaye na biyu ya fi yi mini daɗi, don na daina sauri.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Sarkin Ƙorafi, na ce zan tsallake ka amma ido ba shi da birki, na karanta har ƙasa, ka gama da ni. Duk da haka zan saya, sai dai na hannu zan nema, tunda gajere ne ba za a rasa wanda ya gama ya ajiye ba. Yaya Mai Shago, idan yaranka sun gaji da Gizo, nawa za ka sakar mini shi?

Mai Shagon Gem: Ba su gaji ba. Sake tambayata bayan sallah.