Me ya sa fuskar Commodus ke sheƙi amma gashinsa duk ramuka?

Sadiya_zane: Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin sassaƙa ku taimaka min, ina kallon hoton mutum-mutumin marmara na sarkin Rum Commodus, wanda ya yafa fatar zaki a ka yana riƙe da kulki, yana gidan tarihi na Capitoline a birnin Rum. Fuskar da ƙirjin sumul suna sheƙi, amma gashi da gemu duk ramuka ne baƙi ƙirin a ciki. Gajiya masassaƙin yayi bai ƙarasa ba ko da gangan ne?

Malam_Bature: Wa alaikis salam ƙanwata. Da gangan ne wlh, wannan ai shi ne gwanintar. Commodus yayi mulki daga 180 zuwa 192, kuma a zamanin masassaƙan Rum sun ƙware da wani mahudi da ake juyawa da igiya, da shi suke haƙa gashi lungu lungu har ramin yayi zurfi inuwa ta zauna a ciki, to daga nesa sai kiga gashin yayi duhu ya cika alhali dutse ɗaya ne fari fat. Ita kuma fatar jikin sai a bi ta da magagari, sannan a goge da irin dutsen nan mara nauyi da muke goge kaushin ƙafa da shi, ayi ta gugar har ta ɗauki haske. Ki duba idon ma, an huda ƙwayar. Tun wajen zamanin sarkin Rum Hadrian aka fara sassaƙa ƙwayar ido, kafin nan da fenti ake zana ta.

Abban_Hanif: Malam na yarda da kai akan Commodus, amma kar ta ɗauka duk kaushin da ta gani niyya ce. Mutum-mutumin Brutus na masassaƙin Italiya Michelangelo da ke gidan tarihi na Bargello a Florence ba'a gama shi ba, sawun kurfi mai haƙora na nan a fuskar layi layi, gashin ma ko tsefe shi ba'a yi ba. Sannan mutum-mutumi da yawa bayansu a kaushare yake saboda jikin bango za'a jingina su ba mai gani.

Sadiya_zane: Toh Abban Hanif ta yaya mutum zai bambance?

Abban_Hanif: Ki duba inda kaushin yake. In ya tsaya daidai iyakar gashi ko tufa kuma fata ta fara sumul daga nan, tsari ne. In kuwa sawun kurfi ya ratsa kumatu da wuya ba iyaka, aiki ne bai kai ƙarshe ba.

Malam_Bature: Haka ne. Abu ɗaya da yake damuna gaskiya, mutane na yanke hukunci akan farin da suke gani yau, alhali da yawan waɗannan abubuwan da fenti suke asali, sassaƙen kan sarkin Rum Caligula da ke gidan tarihi a Copenhagen har yanzu akwai ragowar fenti a wajen idonsa. Kuma wasu da aka tono daga ƙasa an sake goge su a ƙarnonin baya, wasu ma da asid aka wanke, to santsin da kike gani ba lallai na masassaƙin farko bane. In kin samu hoton da haske ya faɗo masa daga gefe ki buɗe shi sosai, a nan sawun kayan aiki ke fitowa.