Injin tururi ko gorar shaƙa?

Hajiya ta Jarwal (wata unguwa a Makka): Salamu alaikum jama'a. Daren jiya bayan ƙurar nan fuka ta tasar wa jikana, shekararsa 7. Muka kai shi asibiti, ina jira a sa masa buhar, wato injin tururin magani, sai nas ta jona Ventolin, maganin fuka na fesawa, da wata gorar roba, tana fesa masa ɗaya bayan ɗaya. Ya samu sauƙi kam, amma ni a ganina rowar magani ce. Injin tururi ya fi.

Kawu direba: Gaskiyarki Hajiya. Abin da ke ƙugi yana fitar da hayaƙi ai dole ya fi ƙarfi.

Nas ta Jidda: Haba Kawu, ƙugi ba magani ba ne. Salbutamol, maganin buɗe hanyar numfashi, shi ne a cikin duka biyun. In tashin bai tsananta ba, gorar tana aiki daidai da injin, zuciyar yaro ma ba ta cika bugawa da sauri ba. Sai yaro ya galabaita yana neman oksijin ake komawa injin.

Ɗalibi a Madina: To Anti, me ya sa kowa da lissafinsa? Yayata a Ingila an ce ta fesa wa ɗanta har sau 10.

Nas ta Jidda: Haka tsarinsu yake, har 10, ɗai-ɗai. Na Amurka fesa 4 zuwa 8 ne duk minti 20, sau uku. Tsarin duniya na GINA ya ce 4 zuwa 10 ga ɗan shekara 6 zuwa sama. Saudiyya ma tana da nata, SINA. Har maganin kumburin hanyar numfashi sun bambanta: Ingila an saba ba da prednisolone kwana 3, asibitocin Amurka da dama kuwa dexamethasone suke bayarwa sau ɗaya ko biyu, don yara ba su cika amayar da shi ba.

Kawu direba: Kun ji ko? Su likitocin ma kansu bai haɗu ba.

Nas ta Jidda: Ya haɗu a inda ake tsoro, Kawu. Yaro ya kasa ƙarasa magana, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, ba zancen lissafi, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya. Hajiya, ki bi adadin da likitansa ya rubuta. Kuma don Allah a rage turaren wuta a ɗakin da yake kwana.

Hajiya ta Jarwal: Gorar dai na karɓa, 'yata. Turare kuwa sai jibi, gobe baƙin Umara za su sauka a gidana.