Yadda muka riƙe sana'o'inmu daga ƙarancin takardun naira zuwa tashin dala

Mai gidan burodi, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka kafa sana'a da hannunsu su ba mu labarin abin da suka yi tsakanin farkon 2023 da tsakiyar 2024, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, sannan dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A gidan burodina fulawa da sukari da itace suka yi tsada lokaci guda, sai na rage girman burodi na bar kuɗinsa yadda yake, saboda masu shayi ne manyan abokan cinikina, kuma sun ce ƙari zai kore musu mutane. Wace shawara ce kuka yanke da kanku, wadda yaro ko akawu ba zai iya yanke muku ba?

Ɗan kasuwar atamfa da shadda, Kantin Kwari, Kano:

Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ya cece ni shi ne wata tarbiyya da maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya yi mini tun ina yaron shago, cewa ɗan kasuwa yana ƙirga jarinsa da dila da bandir, ba ya ƙirga shi da kuɗin da ke aljihu. A watannin da dala take tashi kusan kullum, na ga mutane sun sayar da kaya da riba a kan yadda suka saro, suna murna, amma da suka koma sari sai kuɗin dila goma ya kasa sayen bakwai. Saboda haka na kafa doka a shago: kafin a yi wa turmi ɗaya kuɗi da safe, sai na buga waya na ji nawa zan mayar da irinsa a ranar. Wasu tsofaffin abokan ciniki sun ji haushi, har da wanda ya ce na zama mai tsawwalawa.

Abin da ya fi wuya shi ne bashi. Masu sari daga Maiduguri da Yola da ƙasar Chadi sun saba ɗaukar kaya su biya idan sun dawo, kuma da wannan amanar kasuwarmu ta girma. Ban yanke bashin gaba ɗaya ba, domin wanda ya yi haka ya kashe kasuwarsa ta gobe. Na taƙaita wa'adi, na kuma zauna da kowannensu ido da ido na bayyana masa dalili, tunda irin wannan magana ba a aika yaro da ita.

Mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, Gusau:

Alhaji ya yi magana a kan dala, ni kuwa Fabrairun 2023 ce ta fi gwada ni. Da kwasar adashi na fara wannan sana'a, daga baya na ɗauki mata masu suya da tuya, ana biyansu kullum da yamma su yi cefane. Da takardun kuɗi suka ɓace, masu gyaɗa a kasuwannin ƙauye suka ƙi karɓar taransifa, masu POS kuma suka riƙa cire kaso mai nauyi kafin su ba ka kuɗinka. Na je wurin wani mai kantin kayan masarufi a unguwarmu muka yi yarjejeniya, ina tura masa kuɗi a asusu, matan suna karɓar shinkafa da magi da sabulu a madadin wani ɓangare na ladarsu, tsabar da ya tara kuma ya ba ni in saro gyaɗa. Da haka tukunya ba ta sauka daga wuta ba. Daga baya na yi wa sana'ar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na buɗe mata asusun kanta, kuma wannan ne ya sa manyan kantuna suka yarda su karɓi kayana.

Ɗan kasuwar wake, Maraɗi:

Mu namu ya zo ta wata fuska. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, a Nijar, aka rufe iyakarmu da Najeriya, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da muke bi da wake zuwa kasuwar Dawanau a Kano ta tsaya har watan Maris na 2024. Da aka buɗe, naira ta riga ta faɗi a kan sefa, kai kaya Kano ya rage armashi. Na juya ga masu saye na cikin gida, na kuma ci gaba da ba 'yan dakona wani abu ko babu lodi, domin amintaccen ɗan dako ya fi sito wuyar samu.

Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano:

Da girmamawa, iyayena, akwai abin da ba a faɗa ba. Yawancin shagunan da suka tsira a wannan lokaci, yaran shago ne suka ɗauki nauyin, an bar musu kuɗin mota da na abinci yadda yake alhali litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Ni kaina a lokacin na bar maigidana na kafa teburina da ɗan kayan aikin da na tara, kuma ba ni kaɗai ba ne a layinmu.

Ɗan kasuwar atamfa da shadda, Kantin Kwari:

Ɗana, maganarka gaskiya ce, kuma na san shagunan da aka yi hakan. A nawa shagon, babban yarona ya isa sallama a 2023, amma na ɗage ta da yardarsa, saboda jarin da na tanadar masa a naira ya daina isa ya cika shago. Da abubuwa suka ɗan lafa sai na sallame shi da kaya maimakon kuɗi, na kuma kai shi wurin dilolina biyu na tsaya masa su riƙa ba shi a kan amana. Yanzu idan mai saye ya nemi launin da ba ni da shi, shagonsa nake aikawa a ɗauko.