'Ya'yan ƙadangare mai gemu sun ƙyanƙyashe da nakasa: gado ne ko zafin na'ura?

Sabon Makiyayi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna kiwon ƙadangare mai gemu, wato Pogona vitticeps. Macen da nake kiwo ta saka ƙwai 21, na jera su a kan bamikulait (wani ma'adini mai kama da tsakuwa mara nauyi da ke riƙe ruwa) mai danshi cikin na'urar ƙyanƙyasa, kuma yawancinsu sun fashe bayan kimanin wata biyu. Sai dai abin da na gani a jikin wasu ya tayar mini da hankali. Biyu sun fito da karkataccen ƙashin baya tun daga ƙugu har cikin wutsiya, ta yadda idan suna tafiya sai su riƙa jan ƙafafun baya gefe guda. Ɗaya kuma muƙamuƙinsa na ƙasa bai kai na sama tsawo ba, har harshensa yana ɗan leƙowa. Wasu sun fito sumul, babu ƙaya ko ɗaya a jikinsu. Akwai kuma ƙwai ɗaya da ya yi gumi ya lotsa kamar sauran amma bai fashe ba, da na buɗe shi daga baya sai na tarar da 'ya'ya biyu manne da juna ta ƙirji, dukansu matattu. Uwar da uban a hannun mutum ɗaya na saye su, kuma dukansu masu laushin baya ne, wato irin waɗanda ƙayoyin bayansu ba su kai na sauran ƙadangaru masu gemu girma ba. Shin gado ne ya jawo wannan ko zafin na'ura, kuma yaya zan yi da waɗanda suka rayu?

Mai Ƙyanƙyasa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗora wa iyayen laifi, ka fara bincikar na'urarka, domin karkacewar ƙashin baya da ta wutsiya suna cikin abubuwan da aka fi gani idan zafi ya wuce kima a lokacin da jiki yake ginuwa cikin ƙwai. Zafin da masu kiwo suke riƙewa shi ne digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, kuma a haka ƙwai yana fashewa cikin kwana 55 zuwa 75. Lambar da na'ura take nunawa a gabanta ba koyaushe take daidai da zafin da ke cikin kwanon ƙwai ba, saboda haka ka sa ma'aunin zafi na daban, mai ajiye mafi girma da mafi ƙanƙantar abin da ya auna, ka kwantar da bakinsa kusa da ƙwan. Idan ka tuna inda kowane ƙwai yake, ka duba ko masu nakasar daga kusurwa ɗaya suka fito, musamman wadda ta fi kusa da abin da ke ba da zafi.

Wannan dabba tana da saurin jin tasirin zafi fiye da yadda mutane suke zato. Idan ya haura digiri 32, 'ya'yan da ƙwayoyin halittarsu na maza ne sukan fara rikiɗa su fito mata. Masu bincike na Jami'ar Kanbera sun wallafa a mujallar Nature a 2015 cewa hakan yana faruwa har a dajin Ostareliya, inda suka sami irin waɗannan mata 11 cikin ƙadangaru 131 da suka kama. Zafin da zai iya sauya jinsi ba abin mamaki ba ne idan ya lanƙwasa ƙashi. Ka kuma tabbatar ba a juya ƙwan ba bayan an ajiye shi, domin ɗan tayin yana manne wa ɓawo ta ciki a kwanakin farko, kuma juyawa tana iya kashe shi.

Uwar Ƙadangaru:

Na yarda da ɗan'uwa a kan batun zafi, amma ban yarda a wanke gado ba, domin amsar rabin tambayar tana cikin maganar da mai tambaya ya yi a ƙarshe. Waɗannan 'ya'yan da suka fito sumul ba na'ura ce ta yi su ba. Idan aka haɗa mai laushin baya da mai laushin baya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan sukan gaji wannan siffa daga ɓangarori biyu, su fito babu ƙaya sam, kuma su ne ake kira masu fatar siliki. Suna da kyau a ido, shi ya sa wasu suke neman su da gangan, amma rayuwarsu ta wahala ce. Fatarsu tana saurin bushewa da tsagewa, saɓa takan maƙale musu a yatsu da ƙarshen wutsiya har jini ya daina kaiwa wurin, kuma macensu takan ji mummunan rauni a wurin barbara, domin namiji cizon wuya yake yi. A ganina bai kamata a haɗa waɗannan biyun ba ko da babu wata nakasa.

Abu na biyu, Malam, ka koma ka tambayi wanda ya sayar maka ko uwarsu ɗaya. Ostareliya ta hana fitar da dabbobinta na daji tun shekarun 1960, don haka waɗanda ake kiwo a Amurka da Turai da sauran duniya daga ƙaramin tushe suka yaɗu, sannan masu neman launi da siffa ta musamman suka ƙara ƙuntata jinin ta hanyar haɗa dangi na kusa. Idan aka sayi namiji da mace masu siffa ɗaya a hannu ɗaya, akwai yiwuwar 'yan gida ɗaya ne. Mace tana ajiye maniyyi, tana iya sake saka ƙwai sau biyu ko uku daga barbara guda, don haka idan ta sake, ka tsare zafin da kyau ka gani. Idan gajeren muƙamuƙi ko karkacewar baya suka sake bayyana alhali zafi bai motsa ba, to akwai yiwuwar daga jini ne. Tagwaye manne da juna kuwa, har da masu kai biyu, an sha ganinsu jefi-jefi a wannan dabba, kuma ɗan tayi ne da ya fara rabuwa biyu bai ƙarasa ba. Samun ƙwai ɗaya irin wannan bai isa hujja a kan iyaye ba.

Abokin Dabbobi:

'Yan'uwa biyu sun yi bayani a kan dalili, ni kuma zan tsaya a kan masu ran da ke hannunka yanzu. Ka raba su da sauran tun yau, domin ƙananan ƙadangarun nan suna cizon yatsu da wutsiyar juna idan aka cunkushe su, kuma wannan nau'in ba ya sake tsirar da wutsiya idan ta guntule. Ka shimfiɗa musu farar takarda don ka riƙa ganin kashinsu, ka ba su fitilar UVB (mai ba da irin hasken rana da ke taimaka wa jiki amfani da kalsiyam) da wurin shan ɗumi, ka riƙa barbaɗa garin kalsiyam a kan ƙananan gyaren da ba su fi tazarar da ke tsakanin idanun ƙadangarun girma ba. Mai karkataccen baya da yake iya farautar abincinsa, yana kashi ba tare da wahala ba, kuma nauyinsa yana ƙaruwa, zai iya rayuwa shekaru masu yawa, amma kada a yi kiwo da shi, kuma kada a ba wa wani shi ba tare da an faɗa masa gaskiya ba. Na fi damuwa da mai gajeren muƙamuƙin. Idan ba ya iya kama abinci ko haɗiya, ka kai shi wurin likitan dabbobi da ya san masu rarrafe, shi zai duba ko akwai mafita ko kuwa a hutar da shi ta hanyar da ba zai sha azaba ba. Kada ka saurari masu cewa a sa shi cikin firiza, domin wannan azabtarwa ce.

Ka nemi likitan ya yi wa iyayen da 'ya'yan gwajin PCR (gwajin ɗakin bincike da ke gano ƙwayar cuta ta hanyar ƙwayoyin halittarta) na ƙwayar cutar adino, wadda take yaɗuwa ta kashi, take sa ƙanana su ƙi girma, wasu kuma su riƙa ɗaga kai sama suna birkicewa. Uwar ma tana bukatar kulawa, domin kalsiyam ɗin jikinta take zubawa cikin ƙwai. Idan ba ta kai wata 18 ba, ko ka ga ƙasusuwan ƙugunta sun fito bayan saka ƙwai, ka raba ta da namijin, ka ciyar da ita sosai, ka kuma bar mata akwatin ƙasa mai danshi ko da ba ka shirya karɓar wasu ƙwan ba, domin macen da ta rasa inda za ta haƙa tana iya riƙe ƙwai a cikinta har ya zama sai an yi mata tiyata.