Rabon tallafi a unguwa: gida-gida ko kai-kai?

Malamin Firamare: Salamu alaikum jama'a. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 an kawo wa unguwarmu 'yan buhunan shinkafa, mai unguwa ya sa ni cikin kwamitin rabo saboda ni ne mai biro. Muka yanke kowane gida mudu biyu, ba babba ba yaro. Da la'asar sai ga wani dattijo mai mata uku da 'ya'ya goma sha huɗu, ya dire ledarsa a gabana ya ce, "Malam, gwauron da ke haya a shagon gidana shi ma biyu kuka ba shi. Wannan ne daidai?" Na rasa ta cewa. Wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti ya gaya mana yadda suka yi.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam, Malam. Mu kai-kai aka yi, kuma wallahi ba ta fi taku daɗi ba. Ranar rubuta suna kowane gida ya kumbura, har 'ya'yan dangi na ƙauye aka lissafa. Ni mijina ya rasu, daga ni sai yara biyu, don haka rabon mutum uku na samu. Maƙwabcina mai mutum ashirin, biyar daga ciki samari ne masu sana'a, kullum da abin da suke shigowa da shi. Bakunan da ke ci aka ƙirga, ba wanda ya ƙirga hannuwan da ke nemowa.

Ɗan Maraɗi: Kun tuna mini da yunwar 2005. Da farko ba kyauta aka raba mana gero ba, sayarwa aka yi da rangwame, kuɗi ɗaya ga kowa, aka ce ai ba a fifita wani ba. To mu a lokacin babanmu ya riga ya sayar da awaki, ko dala babu a gidan. Masu ɗan hali suka sayi tiyoyinsu da araha, mu muna kallo. Sai daga baya aka fara rabon kyauta.

Ɗalibin Tattalin Arziki: Baba na Maraɗi, abin da ka faɗa shi Amartya Sen ya daɗe yana nanatawa. Ɗan Indiya ne, ya ga yunwar Bengal ta 1943 da idonsa yana yaro, ya samu kyautar Nobel a 1998. A laccarsa ta 1979 tambayar da ya yi ita ce, daidaito a cikin me? A ganinsa kada a tsaya kan abin da aka miƙa wa mutum, a duba abin da zai iya yi da shi. Ban gane karatun ba sai a kan kawuna, wanda gurgu ne. Katinsa na karɓar shinkafar tallafi irin na kowa, amma sai da ya biya mai keke zuwa da dawowa, ya kuma sallami yaron da ya tsaya masa a layi. Kusan rabin kuɗin shinkafar a hanya ya ƙare.

Ladan: Wannan saɓani ya girme mu duka. Sayyidina Abubakar ya raba dukiyar baitulmali daidai wa daida tsakanin Musulmi. Da Sayyidina Umar ya kafa diwani, wato rajistar masu karɓar rabo daga baitulmali, sai ya fifita mutane gwargwadon rigayensu a Musulunci, mutanen Badar a gaba. Dukansu kuwa adalai ne. Mu a masallacinmu, in za a raba zakkar fidda kai, ba ma kiran layi. Dattawa uku ne ke zama su zayyana gidajen da suka sani, a kai musu da dare. Aibinsa ɗaya: wanda ba ya shiga mutane sai a manta da shi, kuma an taɓa mantawa.

Malamin Firamare: Na gode, Allah ya saka. Wani abin da ban faɗa ba: a rabo na biyu mun rage wa gwauron nan zuwa mudu ɗaya, bai ce uffan ba. Bayan sati nake jin ashe shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa huɗu a ƙauye, na farkon ma a mota ya aika musu.