In ajiye ƙwallo in zama yaron koci, ko in ƙara kaka ɗaya a Turai?

Dogo Mai Lamba 14: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan rabona da barcin kirki, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan gida.

Waɗanda suka san ni sun san a filin siminti na fara ƙwallon kwando a Zariya, da takalmin gwanjo da ya fi ƙafata girma, sai na cusa masa takarda a ciki. Babanmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zuwa kallona ba. Cewa yake tsawon nan da Allah ya ba ni, in kai shi aikin soja ya fi amfani. A wani sansanin horo a Legas aka gan ni, na samu tallafin karatu zuwa Amurka. Shekara huɗu na buga wa jami'ata, biyun ƙarshe ni ne kyaftin, har yau hotona yana rataye a hanyar shiga ɗakin canza kaya. Daga nan na yi kaka uku a Turai. A ta ukun jijiyar gwiwata ta hagu ta tsinke, aka yi mini tiyata.

To yanzu tsohon kocina na jami'a ya kira ni. Yana so in dawo a matsayin ɗalibi mai taimaka wa koci: su biya mini digiri na biyu, su riƙa ba ni ɗan alawus, shekara biyu. A satin nan kuma wakilina ya samo mini kwantiragin wata takwas a Turai. Shekarata 28. Juma'a zan ba da amsa. Don Allah me kuka gani?

Tsohon Kyaftin: Wa alaikumus salam ƙanena. Zan faɗa maka gaskiya ko da za ka ji haushina. Iya wasa daban, iya koyarwa daban. Wa ya kai Patrick Ewing suna a jami'ar Georgetown ta Amurka? Shi ya ciyo musu kofin jami'o'i na ƙasa a 1984. Ya yi wajen shekara 15 yana mataimakin koci a NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, kafin Georgetown su ba shi ƙungiyarsu a 2017. A kakar 2021 zuwa 2022 wasa 19 suka buga a gasar jami'o'i ta Big East, ko ɗaya ba su ci ba. A 2023 suka sallame shi, alhali sunansa na nan a bango. Kai kuma hotonka kake ba mu labari. Tafi Turai ka kwashi abin da ya rage a ƙafarka.

Ɗan Sabon Gari: Turai ɗin ma a bi a hankali. Ni nan gida wata ƙungiya ta riƙe mini albashin wata bakwai. Kullum "ana sarrafa takardu". Ranar da na karye a yatsa, da kuɗina na je wajen mai ɗori, shugaban ƙungiyar ko waya bai ɗauka ba. Yanzu in ya gan ni a ɗaurin aure sai ya rungume ni yana "ɗan wasanmu". Allah ya isa.

Hajiya ta Houston: Ɗana, ba ka faɗa mana nawa ne alawus ɗin ba, nawa ne kuma kwantiragin. Kuma me likita ya ce game da gwiwar? Da wannan za a fara.

Dogo Mai Lamba 14: Hajiya gwiwa ta warke alhamdulillah. Kumburi ne kawai take ɗan yi bayan atisaye, in na sa ta a bokitin ƙanƙara minti ashirin shi ke nan. Kyaftin kuma, ni ba alfahari nake da hoto ba. Nufina sun san ni, ba baƙo zan je ba.

Tsohon Kyaftin: Ka san aikin kuwa? Bari in zayyana maka, na zauna da wanda ya yi shi. Ƙarfe biyar na asuba kai ne za ka buɗe fili. Yaro ɗan shekara 18 yana jifa, kai kana ƙarƙashin raga kana tsinto masa ƙwallo. An tashi wasa kowa ya tafi gida, kai kana gaban kwamfuta har biyun dare kana yayyanka bidiyon abokan hamayya. Kai ne odar abinci, kai ne ƙirga tawul, kai ne bin yara ka ga sun shiga aji. Kuma tun 2021 da aka ba 'yan wasan jami'a damar samun kuɗi da sunansu, wani yaron da kake ɗaukar wa jaka ya fi ka samu nesa ba kusa ba. Ka yi masa tsawa, kaka mai zuwa ya tattara ya koma wata jami'ar. Kocin naka ma ba don Allah ya kira ka ba, ƙafar shiga Afirka yake nema, ka riƙa jawo masa dogayen yara.

Malama 'Yar Jos: Kyaftin kullum misalin wanda ya faɗi kake kawowa. Dawn Staley fa? Zinare uku ta ci a gasar Olamfik tana 'yar wasa. A 2000 ta zama kocin jami'ar Temple tana kan buga WNBA, gasar ƙwararru ta mata, ta koma South Carolina a 2008, ta ɗauki kofin ƙasa a 2017 da 2022 da 2024. In ka ce wannan ta yi nisa, ga tamu, Rena Wakama. Ta buga wa Western Carolina, ta fara a Manhattan College da aikin shirya tafiye-tafiye da harkokin ƙungiya, irin wahalar da kake rainawa ɗin nan, kafin ta zama mataimakiyar koci. A 2023 ta ɗauki kofin Afirka da D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, a Kigali, a 2024 ta kai su zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Paris, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba, maza ko mata.

Tsohon Kyaftin: Malama, mutum biyu kika lissafa. Nawa ne suka yi shekara biyun suka ƙare da sayar da inshora? Staley ma sai da ta yi shekara tara a South Carolina kafin kofi. Kuma su biyun a Amurka aka haife su. Shi da bizar ɗalibi zai zauna. Ya gama, a ba shi shekara ɗaya ta aiki, daga nan sai in wata jami'a ta yarda ta tsaya masa. Wa zai yi wannan ɗawainiyar a kan ƙaramin mataimaki?

Bazazzagi: Ɗan garinmu ne fa Masai Ujiri. Ya yi yawon buga ƙwallo a Turai, ya dawo ya yi wa Orlando Magic aikin farautar 'yan wasa kyauta, ba ko sisi. A 2019 ga shi da kofin NBA yana shugaban ƙungiyar Toronto. Ni dai na ce ka je.

Ɗan Sabon Gari: Kyauta? Hmm. Mu da muka yi kyauta wata bakwai ina namu kofin?

Dogo Mai Lamba 14: Na gode duka. Amma Kyaftin ba ka san kocin nan ba. Lokacin da Baba ya rasu shi ya saya mini tikitin zuwa gida daga aljihunsa, shi ya kai ni filin jirgi da tsakar dare cikin dusar ƙanƙara. Ba zan yarda a ce amfani da ni yake son yi ba. Tsinto ƙwallo kuma ba ya ba ni kunya. Abin da ya fi damuna, an sa ranar aurena bayan babbar Sallah, kuma kuɗin Turai ne zai ƙarasa ginin.

Hajiya ta Houston: Innalillahi. Aure kuma? Shi ne ka ba mu labarin takalmin gwanjo ka bar wannan? Ita yarinyar ta sani? Mahaifiyarka fa?

Malama 'Yar Jos: Ka roƙi kocin ya ajiye maka gurbin zuwa baɗi mana.

Tsohon Kyaftin: Ba a ajiye irin wannan gurbin. Mutum hamsin na layi. Shi ya sa tun farko na ce Turai.

Malama 'Yar Jos: Ɗazu ka ce aikin banza ne, yanzu kuma mutum hamsin na layi?

Dogo Mai Lamba 14: Umma ta ce in yi istihara, na yi. Ita waccan ban faɗa mata ba tukuna, ba na son in tayar mata da hankali kan abin da ban yanke ba. Wakilina ya sake kira yanzu, wai ƙungiyar tana so a sake ɗaukar hoton gwiwar kafin a sa hannu. Akwai wanda ya san ko kumburi yana fitowa a hoton?